Wa Zai Kai Yaranmu Filin Daga?

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata ƙungiyarmu ta yi hayar mota, ta kwashi waɗanda suka sami sarari daga cikinmu tare da 'ya'yan wasu 'yan'uwa mazauna Maryland da Virginia, muka nufi Antietam. Tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi ce daga Washinton, a yi arewa maso yamma har a isa wani ɗan gari da ake kira Sharpsburg. Wanda bai san labarin wurin ba zai ɗauka karkara ce kawai irin kowace: gonakin masara, shingen katako, tudu da gangare, da wani rafi mai gada ta dutse. Amma a nan ne, ranar 17 ga Satumba, 1862, rundunar gwamnatin tarayyar Amurka da ta jihohin kudu da suka ɓalle suka gwabza tun daga asuba har faɗuwar rana. Kafin duhu ya rufa, mutum kimanin 23,000 sun faɗi, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda aka kama ko aka nema aka rasa. Har yau Amurka ba ta ga wani yini guda da ya ci jinin 'ya'yanta kamar wannan ba.

Wata ma'aikaciyar hukumar da ke kula da wurin ce ta yi mana jagora. Ba ta fara da lissafin matattu ba. Ta kai mu wata tsohuwar hanyar gona wadda ƙafafun amalanke da ruwan sama suka zaizaye har ta zama kwari, ta sa yaran suka tsuguna a ciki, ta ce su ɗaga kai su dubi tudun da ke gabansu su faɗa mata abin da suke gani. Ba sa ganin komai sai ciyawa da sararin sama. Sai ta bayyana musu cewa haka sojojin kudu suka tsuguna a nan, ba su ga abokan gabarsu ba sai da suka ɓullo a kan tudun, kusa ƙwarai, kuma cikin abin da bai cika sa'a huɗu ba mutum fiye da 5,000 suka mutu ko suka jikkata a wannan ɗan tsakani. Daga baya, da aka zagayo su ta gefe, kwarin da ya kare su shi ya zame musu tarko. Yaran da suka hana mu sakat da surutu a mota suka yi tsit. Gani ya kori ji.

A hanyarmu ta dawowa ne wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, haifaffen nan, ya tambayi babansa ko a ƙasarsu ta asali ma an taɓa yin yaƙi, kuma in an yi, a ina filin yake. Motar cike take da masu neman digiri na biyu da na uku. Muka yi ta jero masa sunaye: Tabkin Kwatto, Alkalawa, Burmi, Satiru. Da ya sake tambaya ko wane ne a cikinmu ya taɓa zuwa, sai aka shiga kallon-kallo. Akwai Sakkwatawa a cikinmu, akwai 'yan Gombe, amma ba ko ɗaya da ya taɓa taka ɗayan waɗannan wurare. Mun tsallaka teku mun zo mun tsaya a filin dagar wasu, namu kuwa da ke bayan gida sai a takarda muka san shi, in ma mun sani. Wannan kunya ce ta haifi sharhinmu na wannan fitowa.

Abin da muka gani a Antietam ba tsuntuwa ba ne, aiki ne na shekara fiye da ɗari. Tun 1890 majalisar dokokin Amurka ta sa aka fara adana filin. Ma'aikatar yaƙi ta lokacin ta shimfiɗa hanyoyi, ta kafa allunan ƙarfe da ke nuna inda kowace runduna ta tsaya, ta gina hasumiya a bakin kwarin nan domin hafsoshi masu koyon aiki su hau su nazarci ƙasar. A 1933 aka miƙa irin waɗannan filaye ga hukumar kula da wuraren shaƙatawa da tarihi ta ƙasa. A Gettysburg, inda aka yi kwana uku ana fafatawa a farkon Yuli na 1863, tun 1915 ba a barin kowa ya karɓi kuɗin baƙi da sunan jagora sai ya ci jarrabawa an ba shi lasisi. Yara kuwa ana ba su ɗan littafin tambayoyi da ba za su iya amsawa ba sai sun zaga filin da ƙafa, in sun gama a liƙa musu baje. A Antietam, kowace shekara a farkon Disamba, masu aikin sa-kai kan kunna kyandir 23,000 a cikin gonakin, ɗaya a madadin kowane mutum, don ido ya ga abin da adadi ya kasa nunawa.

Mai gaggawa zai ce darasin ke nan: mu ma mu kafa alluna, mu gyara hanyoyi, mu sayi motocin ɗaukar ɗalibai. Mu dai a ganinmu wannan shi ne ɓangare mafi sauƙi, kuma ba shi ne mafi muhimmanci ba. Allunan ƙarfen nan na ƙarni na goma sha tara suna nan har yau, kuma mun tsaya mun karanta da yawa daga cikinsu. Suna faɗin rundunar wane ce ta zo daga ina, da ƙarfe nawa, ta juya ta ina. Ba sa faɗin abin da ya kawo mutanen nan suka kashe juna. Shekaru da dama haka ake zagayawa da yara a filayen nan ana ba su labarin jaruntakar ɓangarorin biyu, ba tare da an ambaci mutum kusan miliyan huɗu da ke cikin bauta ba, alhali a kansu aka yi yaƙin. An yi shirun ne da gangan, domin fararen arewa da na kudu su sasanta, kuma baƙar fata ne suka biya kuɗin sulhun. Sai wajen shekarar 2000, bayan matsin lamba daga masana tarihi da wani umarni na majalisa wanda ɗan majalisa Jesse Jackson ƙarami ya kawo, hukumar ta fara sanya maganar bauta a tsakiyar bayaninta, kuma ba ta yi hakan ba tare da shan suka daga jikokin sojojin kudu ba.

Saboda haka jagorarmu ba ta sallame mu a kan gawarwaki ba. Ta gaya wa yaran cewa kwana biyar bayan wannan yaƙi Shugaba Lincoln ya fitar da sanarwar farko ta 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye. Ta ƙara da abin da wani zai so a ɓoye: sanarwar ba ta shafi bayin Sharpsburg ɗin kansa ba, domin jihar Maryland ba ta ɓalle ba, sai a Nuwamba 1864 aka soke bauta a cikinta. A cikin garin akwai wata ƙaramar majami'ar katako da 'yantattun bayi suka gina a 1866, wadda ta zama makarantar 'ya'yansu. Ita ma yanzu tana cikin labarin. Kuma kada wani ya ɗauka gardamar ta ƙare. A Agusta 2017 an zubar da jini a Charlottesville a kan gunkin Janar Lee, kuma a Maris 2025 fadar shugaban ƙasa ta ba da umarnin a sake duba bayanan da ke wuraren tarihi a cire abin da take ganin yana zubar da mutuncin magabata. Fili ba ya magana. Abin da yaro zai tafi da shi gida yana bakin wanda ya riƙe hannunsa.

(Ga mai son ya san cewa yaƙin nan ma bai rasa ɗan ƙasarmu ba: Muhammad Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa ta Borno, wanda aka kama yana yaro aka sayar har ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha, ya shiga runduna ta 55 ta baƙar fata ta jihar Massachusetts a 1863 da sunan Nicholas Said. Ya rubuta tarihin rayuwarsa da kansa, an buga a 1873.)

To mu koma gida. Ƙasarmu ba ta rasa fagagen fama ba, sai dai a ce sun yi mata yawa. A Tabkin Kwatto, kusa da Gudu, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ƙarƙashin Malam Abdullahi suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa a watan Yuni na 1804. A Tsuntsuwa, ƙarshen wannan shekara, su kuma aka yi musu mummunar ɓarna. Alkalawa ta faɗi a 1808. A Gawakuke, 1836, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Da Turawa suka zo, Faransawan Voulet da Chanoine suka bi ta Lugu, garin Sarauniya Mangu, da Birnin Ƙonni a 1899 suna kisa da ƙone-ƙone. Kano ta faɗi hannun Ingilishi ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada a wajen Kwatarkwashi a ƙarshen watan. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya a bakin Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a suka yi ta binsa, har aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli. Sannan Satiru da Haɗeja a 1906.

Yau wanda ya ce Giginya a Sakkwato, filin wasa ko barikin soja za a nuna masa. Badalar Kano, wadda igwar Kanar Morland ta sha wahala kafin ta sami hanya, mu da hannunmu muke cinye ta, wani ya ɗebi ƙasa, wani ya kafa shago, wani ya yanka fuloti. Sunayen wurare da rundunonin da kakanninmu suka yi yaƙi a cikinsu a Bama lokacin yaƙin duniya na biyu ma sun rage ne a allunan barikoki, irin su Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya, kuma da wuya ka sami matashin da ke wucewa ta ƙofarsu kullum da zai gaya maka daga ina sunan ya fito. A kan wannan kuma aka ɗora wani kuskure: wajen 2009 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin maido da shi. Da yawa daga cikin ƙannenmu a cikin wannan giɓi suka yi karatunsu.

Giɓi kuwa ba ya zama fanko. Duk wanda ke leƙa Facebook da TikTok na Hausa a 'yan shekarun nan ya ga yadda ake yaƙin 1804 sabo fil, da waya a maimakon baka da kibiya. Wani ɓangare na cewa jihadin ba komai ba ne illa mamayar Fulani a kan Hausawa, ɗaya ɓangaren na ganin duk wanda ya ambaci Gobir da mutunci ya taɓa addini. Ana wannan ne a daidai lokacin da ake kashe manoma da makiyaya a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, inda kalmar da aka rubuta a ɗaki a Turai ko Amurka kan iya zama hujjar kisa a ƙauye. Wasu daga cikin masu rura wutar nan, mu faɗi gaskiya, mazauna ƙetare ne irinmu. Yaron da bai taɓa jin labarin daga bakin masani ba, ba shi da abin da zai auna maganarsu da shi.

Shi ya sa muke ganin a kai yara filayen nan, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne wanda Amurkawa suka ɓata shekara ɗari kafin su yarda da shi: a faɗi labarin har da na wanda aka ci da yaƙi, har da na wanda ba shi da mawaƙi.

Mu ɗauki Alkalawa, a ƙasar Sabon Birni. Jagoran da ya tsaya da ɗalibai a wannan kufai yana da labari biyu a hannunsa, kuma dukansu na yaran da ke gabansa ne. Akwai na jama'ar da aka hana wa'azi, aka kai wa hari a Gimbana, suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, suka sha yunwa da annoba, sannan suka kafa daula mai ilimi da rubuce-rubucen da har yau ake karantawa. Akwai kuma na birnin su Bawa Jangwarzo da aka rushe, da mutanensa da suka watse suka sake kafa sarauta a Tsibiri da Sabon Birni, kamar yadda Katsinawa suka yi a Maraɗi, Zazzagawa kuma a Abuja ta dā, wato Suleja. Jikokin waɗannan suna nan, suna da nasu kirarin da nasu ciwon. Jagora na gaskiya zai kuma rushe wa yaran saukin rabon nan na Hausa a nan, Fulani a can. Zai gaya musu cewa Malam Abdussalami na Gimbana, wanda harin da aka kai wa jama'arsa na cikin abubuwan da suka kunna wutar, Ba'are ne, kuma daga baya shi ma ya saɓa da Bello har suka yi yaƙi. Zai gaya musu cewa Malam Abdullahi da kansa ya ga yadda son mulki da dukiya suka fara shiga jama'ar, ransa ya ɓaci har ya kama hanyar gabas, Kanawa suka tsayar da shi. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya daɗe yana jan kunnen masana game da karanta wannan zamani da tabaran ƙabila, kuma littafinsa a kan Katsina yana nan ga mai so.

Kada kuma a ce jin ta bakin abokin hamayya baƙon abu ne da muka kwaso daga Turawa. Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno, waɗanda ke tuhumar hujjar yaƙin da ake yi da Borno, sannan ya ba da amsarsa. Wanda ya jagoranci yaƙin bai ji tsoron ajiye wa na baya maganar mai sukarsa ba. Ba mu ga dalilin da zai sa jikoki su fi shi tsoro ba.

A ƙofar Kabuga ta Kano akwai wata gaskiyar mai ɗaci. Rundunar da ta ci birnin a 1903 Turawan cikinta ba su wuce 40 ba. Sauran, fiye da 700, baƙar fata ne, kuma da yawansu da Hausa ake ba su umarni domin ita ce harshensu. Wajibi ne yaro ya tambayi abin da ya sa Bahaushe ya ɗauki bindigar Bature ya nufi Kano. Amsar za ta kai shi ga albashi, ga yaƙin basasar Kano na Tukur da Yusufawa da bai daɗe da ƙarewa ba, ga garuruwan da hare-haren kamun bayi suka ɗaiɗaita, ga bayin da suka gudu suka sami mafaka a barikin soja. Wannan ba ya wanke mamaya, ba ya kuma rage darajar waɗanda suka tsaya suka mutu. Yana dai nuna wa yaro cewa bindiga mai ruwa ba ita kaɗai ta ci ƙasar ba.

Satiru ce jarrabawa mafi tsanani. Ƙauye ne da bai fi tafiyar 'yan sa'o'i a ƙafa ba kudu da Sakkwato, mazaunin talakawa da malaman karkara da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu. A Fabrairu 1906, da gatura da fartanya da 'yan kibau, suka tarwatsa rundunar sojan doki ta Ingilishi, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da bindigogi masu ruwa. An kashe mutum kimanin 2,000, an kwashe mata da yara, an rushe garin, an kashe jagoransu Ɗan Makaho bayan an kama shi. Mahayan Sakkwato suna cikin waɗanda suka taya Turawa, kuma Sarkin Musulmi na lokacin, Attahiru na biyu, ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Burmi tana da sauƙin bayani, domin sarki ne ya mutu a gaban jama'arsa yana fuskantar baƙo, kuma zuriyar waɗanda suka tsira suna can Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan suna riƙe da labarin. Satiru kuwa tana tilasta mana mu yi maganar bauta a cikin daularmu, da yadda masu sarauta da 'yan mulkin mallaka suka haɗa kai a ranar da talaka ya ɗaga kai. Akwai abin da za a faɗa a madadin masu sarautar: shekara uku kacal da ganin abin da ya faru a Burmi, suna ganin tawayen zai jawo halakar kowa, kuma da'awar Mahadi da mutanen Satiru suka riƙe ba su yarda da ita ba. A faɗi wannan ma. Amma shirin da ya kai yara Burmi ya kauce wa Satiru ya zama irin allunan ƙarfen Antietam, gaskiya ce a kowane layi, ƙarya kuma a jimla.

Haka nan yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970. Yaron Arewa ya san an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairu 1966, kuma ya kamata ya sani. Da wuya a gaya masa abin da ya sami 'yan ƙabilar Ibo a garuruwanmu a watannin Mayu da Satumba da Oktoba na wannan shekara, ko abin da sojojin tarayya suka yi a Asaba a Oktoba 1967, ko yunwar da ta kashe yara a yankin Biyafara. Yaron Enugu shi ma rabin labarin yake ji, ɗaya rabin. Akwai gidan tarihin yaƙi a Umuahia tun 1985, amma makarantun Arewa nawa ne suka taɓa kai ɗalibai can? Tsofaffin sojojin da suka yi wannan yaƙi suna nan a unguwanninmu, sun haura saba'in da biyar, kullum ana raguwa. Wani Bature, Muffett, ya iske tsofaffin da suka ga yaƙoƙin 1903 da idonsu ya rubuta abin da suka gaya masa, littafin ya fito a 1964. Da bai yi ba, da muryarsu ta tafi tare da su. Damar da ya samu ita ce muke da ita yanzu a kan yaƙin basasa, kuma ba za ta jira mu gama digiri ba.

Mun san abin da za a ce. Za a ce wannan fami ne, a bar kaza cikin gashinta. Amsarmu ita ce mikin a buɗe yake, kuma waɗanda ke zuba masa gishiri ba su nemi izinin kowa ba. Za a ce ƙasar da yara miliyoyi ba sa zuwa makaranta ba ta da kuɗin yawon buɗe ido. Gaskiya ne ba za mu iya irin hidimar Amurka ba, ba ma kuma bukata. Abin da ya sa yaran nan suka yi shiru a cikin kwarin Antietam ba gini ba ne, mutum ɗaya ce da ta san ƙasar, ta san labarin, ta kuma san yadda ake yi wa yaro tambaya. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsaro, kuma ba za mu raina ta ba. Babu uban da zai yarda a ɗauki ɗansa zuwa Alkalawa ko Kwatarkwashi a halin da hanyoyin Sabon Birni da Zamfara ke ciki, mu ma ba za mu ba da wannan shawara ba. Abin takaici ne a ce filayen dagar jiya ba sa ziyartuwa saboda sun koma filayen dagar yau. Amma ƙofofin Kano suna cikin gari, Giginya na cikin gari, fadar Haɗeja na cikin gari. A fara da abin da hannu ke iya kaiwa.

Wanda ya kamata ya ɗauki nauyin horar da masu jagora, a ganinmu, sassan tarihi ne na jami'o'inmu, na Usmanu Ɗanfodiyo da Bayero da Ahmadu Bello da ta jihar Gombe, tare da takwarorinsu na Yamai da Maraɗi, tunda rabin labarin Gobir da Katsina yana hayin iyaka. Su ke da malamai, su ke da ɗaliban da ke gama karatu ba aikin yi. Gidan Makama a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna da takardu da kayan da za a dogara da su. Masarautu su ba da izini da masaukin baƙi da tsofaffin da suka gaji labari, amma kada jarrabawar jagora ta kasance a hannunsu, kada kuma ta kasance a hannun gwamnan da ke kan kujera, domin kowannensu yana da abin da zai so a tsallake. Hukumomin ƙasa da safiyo kuma su shata iyakar wuraren nan tun kafin masu yanka fuloti su riga su.

Namu rabon ƙarami ne, amma yana hannunmu. Muna zaune kusa da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, kuma katin jami'o'inmu yana buɗe mana mujallu da taswirorin da malamin sakandare a Bajoga ko Bodinga ba zai taɓa samu ba. Kwamitin wannan mujalla ya amince ya fara da ɗan littafin jagora guda ɗaya, da Hausa, a kan ƙofofin Kano da abin da ya faru ranar 3 ga Fabrairu, 1903: inda za a tsaya, abin da za a nuna, da tambayoyin da za a yi wa yara a kowace tsayawa. Muna neman mutum uku masu karatun tarihi ko taswira, da Bakano ɗaya da zai je gida hutun bazara ya bi hanyar da ƙafarsa ya auna mana tsawonta. Duk wanda ke da kaka ko kawu da ya yi yaƙin basasa, ta kowane ɓangare, muna roƙonsa ya nemi izininsa ya ɗauki muryarsa a waya kafin hutun ya ƙare. Ziyara ta gaba da yaran kuwa ba sai an yi hayar mota ba: Fort Stevens ce, a cikin Washinton kusa da titin Georgia, inda sojojin kudu suka iso bakin birnin a Yuli 1864 har Lincoln ya tsaya a kan ganuwa harsashi na wucewa. Iyayen da ke son a tafi da 'ya'yansu su ba sakatare sunayensu kafin taron wata mai zuwa.